Da me zan gane gidan kula mai inganci kafin mu kai ƙanena?

Wata 'yar'uwa ce ta yi tambaya. Ta ce ƙanenta shekararsa 34, da jinkirin fahimta aka haife shi, ga kuma farfaɗiya, mahaifiyarsu ce ke ɗawainiya da shi tun yana jariri, yanzu kuma ƙarfinta ya ƙare, shi ne suka fara tunanin kai shi irin gidajen nan da ake kula da manya masu larura irin tasa. Ta ce da me ake auna ingancin gida, kuma ita da ba ma'aikaciyar lafiya ba ya za a yi ta gane?

To 'yar'uwa, Allah ya saka wa Mama da alheri, ya ba ta lafiya. Ni nas ce, na daɗe ina aiki a irin gidajen nan, na yi aikin dare na yi na rana, daga baya na koma horar da ma'aikata, don haka abin da zan faɗa miki abu ne da na sha gani da idona.

Bari in fara raba miki abu biyu da mutane ke yawan haɗawa, sabida a nan ake fara kuskure. Jinkirin fahimta ba taɓin hankali ba ne. Abu ne da ke farawa tun kafin mutum ya kai shekara 18, yana sa shi wahalar fahimtar sabon abu da tafiyar da harkokin yau da kullum shi kaɗai, kuma yana tare da shi har ƙarshen rayuwa, ba ciwo ne da za a ba da magani ya warke ba. Akwai mai sauƙi wanda zai iya hawa mota ya je aiki ya dawo, akwai mai tsanani wanda sai an ba shi abinci a baki. Kin ga kenan ƙanenki ba asibiti yake nema ba, gida yake nema. Duk inda kika shiga kika ji suna ce wa mazauna wurin "marasa lafiyarmu", ga gadaje a jere kamar ɗakin jinya, ga ƙararrawar cin abinci, to tun daga nan ki san tunanin masu wurin bai zo inda ya kamata ba.

Ma'auni kam akwai, ba wai kowa ke yin yanda ya ga dama ba. Babban tushe shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa da aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, sashe na 19 ya ce mai naƙasa yana da haƙƙin zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi, kada a tilasta masa wani irin zama. Sannan ƙasashe da dama suna da hukumar da ke ba da lasisi tana sa ido. A Ingila misali hukumar CQC tambaya biyar take yi wa kowane gida: mazauna suna cikin aminci? Kulawar tana amfani? Ma'aikata suna da tausayi da girmamawa? Ana biyan buƙatar kowa yanda take? Shugabancin wurin yana da kyau? Daga nan sai ta ba gidan ɗaya daga cikin mataki huɗu, daga wanda ya yi fice zuwa wanda ya gaza, ta buga rahoton a intanet kowa ya karanta. Tambayoyin nan biyar ki riƙe su, a ko'ina suna aiki. Ki nemi ganin lasisin gidan da rahoton dubawa na ƙarshe, gidan da ba shi da rajista kada ma ki tsaya sauraron bayaninsa. A Afirka ta Kudu a 2016, hukumomin lardin Gauteng sun kwashe majinyata sama da 1,000 daga cibiyoyin kula da masu larurar ƙwaƙwalwa na kamfanin Life Esidimeni don rage kashe kuɗi, suka rarraba su ga ƙungiyoyin da da yawansu ba su da ingantaccen lasisi, mutum 144 suka mutu, wasu yunwa da ƙishirwa ne ajalinsu.

Amma fa lasisi shi ne ƙasan ma'auni, ba samansa ba, kuma wannan shi ne abin da na fi so ki ji a duk maganata. A 2011 shirin Panorama na BBC ya shigar da kyamara a ɓoye wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol mai suna Winterbourne View, aka ga ma'aikata suna mari, suna danne mutane a ƙarƙashin kujera, suna watsa musu ruwan sanyi. An gurfanar da ma'aikata 11, aka ɗaure 6. Abin da ya fi ci min rai a labarin, wani babban nas na wurin ya riga ya kai ƙara ga hukumar sa ido ba a saurare shi ba. Bayan shekara takwas, a 2019, aka sake ganin irin haka a Whorlton Hall, wani asibiti makamancinsa a arewacin Ingila, wurin da masu dubawa suka riga suka ba shi shaidar cewa yana da kyau. Takardu a cike, fayil a tsare, mutane kuma suna shan azaba a ciki. Wuraren nan sun yi kama da juna a abubuwa kaɗan: nesa da gari, nesa da dangi, baƙo bai cika shiga ba, ma'aikata sun zama 'yan ƙungiya ɗaya kowa na rufa wa kowa asiri. Shi ya sa tambayata ta farko ga kowane manaja ita ce, zan iya zuwa ganin ɗan'uwana ba tare da na sanar ba? In ya fara kame-kame yana cewa ai ziyara sai ranar kaza daga ƙarfe kaza zuwa kaza don kar a dame su, ni dai a wurina an gama magana. Gida mai kyau ƙofarsa a buɗe take ga dangi, iyakar abin da za a roƙe ki shi ne ki mutunta lokacin barcin sauran mazauna da sirrinsu.

In kin je dubawa kar ki je ranar da suka gayyace ki kaɗai. Ki koma wata rana da la'asar ko lokacin cin abinci, ki samu wuri ki zauna kamar awa ɗaya ki yi shiru ki kalla. Labarin zuciya a tambayi fuska. In ma'aikaci ya shigo falo, mazauna suna matsowa wurinsa ne ko suna noƙewa? Yana ƙwanƙwasa ƙofa kafin ya shiga ɗakin mutum? Da sunansa yake kiransa ko "kai yaro" yake ce wa mai shekara 40? Suna magana da mutum ne ko suna magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin? Ki kalli tufafi, kowa da nasa ne ko daga kwando ɗaya ake ɗebowa a raba. Ki leƙa ɗakuna in mai ɗakin ya yarda, ɗakin da mutum yake zaune da gaske za ki ga hotunansa da tarkacensa da abin da yake so, ba duk ɗakuna iri ɗaya ba kamar otal. Sannan ki lura da abin da mutane suke yi, wannan babban ma'auni ne da ba a cika faɗa ba. Na sha shiga gida tsaf-tsaf ko'ina na ƙyalli, amma mutum takwas a zaune gaban talabijin tun safe har dare ba mai cewa uffan, ma'aikata suna ta share-share da girki su kaɗai sabida ya fi musu sauri. Wannan ba kulawa ba ce, ajiya ce. A gidan da ya san aikinsa za ki tarar da wani yana taya wanke kwano ko da guda biyu zai iya, wani yana shanya kayansa ma'aikaci na riƙe masa kwando, wani ya fita sayayya. Aikin zai ɗau lokaci ninki uku, ba kuma zai fita fes ba, amma mutumin yana rayuwarsa ne, kuma abin da Mama ta sha wahala ta koya masa cikin shekara 34 ba zai zube cikin wata shida ba. Wallahi yana zubewa in ba a bari mutum yana yi.

Girman gida ma yana da tasiri. Ƙasashen da suka daɗe a harkar sun rufe manyan cibiyoyi masu ɗaruruwan gadaje, Norway da Sweden tun shekarun 1990, sabida an gane cewa in mutane suka yi yawa tsarin gidan ne ke mulki ba buƙatar mutum ba, kowa ya tashi ƙarfe shida, kowa ya yi wanka a layi. Gidan mutum huɗu zuwa shida a cikin unguwa kusa da jama'a ya fi sauƙin zama gida na gaske. Ƙarami ma yana iya lalacewa, amma ya fi wuyar ɓoye ɓarna.

Yanzu maganar lafiya, a nan zan daɗe don a nan ake asarar rayuka. Wani bincike da jami'ar Bristol ta fitar a 2013 ya bi diddigin mutuwar mutum 247 masu jinkirin fahimta, ya gano mazansu suna riga sauran maza mutuwa da shekara 13, matan kuma da shekara 20, kuma da yawa ba larurar ce ta kashe su ba, jinkirin gano ciwo ne da rashin ba da magani a kan lokaci. Dalilin a fili yake, mutumin da ba zai iya cewa cikina na ciwo ba sai ya nuna ta wata hanya, ya ƙi abinci, ya riƙa bugun kansa, ya yi ta ihu, sai a ce ai halinsa ne, haka yake. Ruwa ba ya tsami banza. Na taɓa aiki da wani bawan Allah da ya fara cizon hannunsa yana jifa da kofi, har an fara maganar ƙara masa maganin kwantar da hankali, wata ma'aikaciya da ta daɗe da shi ta ce ita dai ta lura da gefe ɗaya yake tauna abinci, da aka kai shi wurin likitan haƙori ashe haƙori ne ya ruɓe har ya yi ƙurji. Aka cire, cikin sati guda ya dawo yanda yake. Don haka ki tambaye su, in halin mutum ya canja farat ɗaya me kuke fara yi? Amsar da kike so ki ji ita ce muna fara neman ciwo a jikinsa, haƙori, kunne, ciki, fitsari, sannan mu duba me ya canja a rayuwarsa.

Tunda ƙanenki yana da farfaɗiya, ki matsa sosai a nan, kar ki ji nauyin kowa. Dole a rubuta masa tsari nasa na kansa: yanda tasa take zuwa, me ke tayar da ita, minti nawa takan ɗauka, wane magani yake sha da ƙarfe nawa. Faɗuwar da ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba gaggawa ce, ki tambaya wa ke da horon ba da maganin gaggawa irin midazolam da ake sawa a gefen kunci, kuma akwai irin wannan mutumin a kowane duti har da na dare? Ki tambayi yanda ake lura da shi in yana barci. Sai wanka. A 2013 wani saurayi ɗan shekara 18 mai farfaɗiya ya nutse a bahon wanka a wata cibiyar gwamnati a Oxford bayan an bar shi shi kaɗai, binciken kotu ya tabbatar sakaci ya taimaka wurin mutuwarsa. Mai farfaɗiya shawa ta fi masa aminci, in kuma baho ne to wani ya kasance kusa yana jinsa. Zafin ruwan baho ma a ƙa'idar Ingila ba ya wuce digiri 44, don akwai waɗanda ba za su iya cewa ya yi zafi ba ko su fita da sauri.

Abu biyu kuma da mutane ke rainawa, cushewar ciki da haɗiya. Magungunan farfaɗiya da na kwantar da hankali, ga rashin motsa jiki, ga ƙarancin shan ruwa, duk suna ɗaure ciki, kuma cushewar ciki tana kisa, a 2012 wani mai shekara 33 a Ingila ya rasu bayan an cire masa bayan gida mai nauyin kilo 10 daga cikinsa. In kika tambaya ko suna rubuta fitar bayan gidan waɗanda ba sa iya faɗa, suka yi dariya, to ba su san aikin ba. Haɗiya kuma, wanda yake yawan tari ko sarƙewa lokacin cin abinci yana iya zama abinci na zarcewa huhunsa, daga nan sai nimoniya, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan larura. Irin wannan mutum yana buƙatar ƙwararre ya duba shi a san irin laushin abincin da zai ci da yanda za a zaunar da shi. Sai duba lafiya gaba ɗaya sau ɗaya a shekara, ido, kunne, haƙori, nauyi, hawan jini, ko da mutum bai nuna alamar komai ba. Da wata 'yar takarda da za ta bi shi duk lokacin da za a kai shi asibiti, mai bayanin yanda yake magana, yanda yake nuna ciwo, abin da ke tsorata shi.

Magani. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta a 2015 cewa kullum manya 30,000 zuwa 35,000 masu jinkirin fahimta suna shan magungunan ƙwaƙwalwa ba tare da an same su da ciwon da aka yi maganin dominsa ba, shi ya sa a 2016 aka ƙaddamar da shirin STOMP don rage wannan. In kin shiga gida da hantsi kika ga rabin mazauna suna gyangyaɗi, yawu na zuba, hannu na rawa, tafiya a sanɗare, ki tambaya me suke sha. Duk maganin da aka rubuta "a ba shi in da buƙata" ya kamata a bayyana wace buƙatar, me za a fara gwadawa kafin a kai ga ƙwaya, kuma likita ya riƙa sake dubawa. Kar kuma wani ya tsayar da maganin farfaɗiya ko na ƙwaƙwalwa lokaci ɗaya da kansa, a hankali likita ke ragewa.

Haka batun riƙe mutum da ƙarfi. Wani lokaci ana kai wa ga haka in zai ji wa kansa ko wani rauni, ba zan ɓoye miki ba, amma shi ne mataki na ƙarshe, na ɗan lokaci, a rubuta, a sanar da dangi, a zauna a duba me ya jawo. Danne mutum rubda ciki yana hana numfashi, ƙa'idar Ingila ta 2014 ta ce kada a tsara yin hakan da gangan. Kulle mutum a ɗaki, ɗaure shi, hana shi abinci ko hana shi ganin danginsa don horo, waɗannan cin zarafi ne ko da wane suna aka sa musu. Ki ce su nuna miki sau nawa aka riƙe wani a wata ukun da suka wuce, gidan da ke da gaskiya yana da lissafin kuma zai gaya miki me suke yi don ya ragu.

Duk wannan kuma a hannun ma'aikata yake. Ki tambayi wanda kika tarar, ba manaja ba, shekararka nawa a nan? In kowa wata biyu wata uku ne, kullum sababbin fuskoki, to ba wanda zai san ƙanenki har ya gane yau ba daidai yake ba. Ki tambayi mutum nawa ke duti da rana, nawa da dare, na daren a farke yake ko barci yake yi. Ana binciken tarihin mutum kafin a ɗauke shi? In ma'aikaci ya ga abokin aikinsa ya yi ba daidai ba wa zai gaya wa, kuma an taɓa yi? Manajan da ya ce mu ba a taɓa kawo mana ƙorafi ba ya fi ba ni tsoro a kan wanda ya buɗe littafi ya ce ga ƙorafi shida bana, ga abin da muka yi a kan kowanne. Ki kuma tambayi wa ke yi wa mata wanka da canjin kaya, don masu wannan larura, maza da mata, sun fi sauran mutane fuskantar haɗarin lalata da su, musamman waɗanda ba sa magana. Kuɗinsa ma a ajiye shi daban da na gidan, da rasit na duk abin da aka kashe.

Akwai wani abu da zai iya yi miki nauyi ke kanki. Ƙanenki babba ne, ba yaro ba. Dokar Ingila da Wales ta 2005 kan ikon yanke shawara ta tsara abin da kyau: a ɗauka mutum yana iya yanke wa kansa shawara har sai an tabbatar ba zai iya ba, a taimaka masa ta kowace hanya ya fahimta, ko da hoto ne ko nuni, kada a ce ba shi da hankali don kawai ya zaɓi abin da bai yi mana ba, in kuma dole a yanke masa to a yi abin da ya fi masa alheri, ta hanyar da ta fi ƙarancin tauye shi. Wanda ba zai iya sa hannu a kwangilar haya ba yana iya zaɓar rigar da zai sa, da lokacin da zai kwanta, da ibadarsa, da wanda yake so ya zauna kusa da shi. Don haka ki tafi da shi duba gidajen nan, ki kalli jikinsa in kun shiga. Gidan kirki ma ba zai karɓe shi rana ɗaya ba, za su zo su gan shi a inda yake, su zauna da Mama su rubuta duk abin da ta sani, yanda yake nuna yunwa, abin da ke sa shi dariya, ƙarar da ba ya so, sannan ya fara zuwa shan shayi, ya wuni, ya kwana ɗaya, a hankali a hankali har ya saba.

In ya koma, ki auna nauyinsa ranar farko ki rubuta, ki ɗau hoton jerin magungunansa. Satin farko zuwa na huɗu zai iya yin kuka ko ya ƙi abinci, kewar gida ce, ba lallai laifin kowa ba. Amma in an shiga wata na uku yana ramewa, ko an ƙara masa maganin da ba a gaya muku ba, ko faɗuwarsa ta ƙaru, ko kin ga tabo a cinya ko damtse ko bayansa ba wanda ya iya yi miki bayani, ko ya fara fitsarin kwance alhali da ba ya yi, ko kuma duk ranar da kuka ɗauko shi ziyara in za a mayar da shi sai ya ƙanƙame ƙofar mota yana rawar jiki, ki rubuta ranar da abin da kika gani, ki kai wa manaja a rubuce ki riƙe kwafi. In kwana biyu suka wuce ba gamsasshiyar amsa ki wuce kai tsaye wurin hukumar da ta ba su lasisi, in kuma rauni ne ko kina zargin an taɓa shi, ki kai shi asibiti a ranar a duba shi, ki sanar da 'yan sanda, kar ki mayar da shi wurin ya kwana.